Yadda Za Ka Yi Doguwar Tafiya A Keke Daga Sakkwato Ka Komo Gida Kafin Magariba

Tun da ni da abokan tafiyata biyu muka fara fita bayan gari a kan keke ranakun Asabar, ba a raba ni da tambaya. A ƙofar masallaci, a wurin mai shayi, har a waya: wane irin keke ake bukata, nawa ake kashewa, kuma wai da gaske mutum zai je Gwadabawa ko Shagari ya komo Sakkwato a yini guda? Zai iya, ko da kekensa Phoenix ne irin wanda ake ɗora wa buhun gero. Amsa guntu-guntu ba ta wadatar da kowa, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin komai. Zuwa ba ya kayar da kowa. Da safe jikinka sabo ne, gari da sanyi, gorarka cike take, zuciya tana ta ingiza ka gaba. Dawowa ce mai wuya, kuma da lissafinta na tsara kowane mataki da ke ƙasa.

1. Zaɓi wata da rana

Lokacin wannan tafiya a ƙasar Sakkwato shi ne daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. An gama girbi, hanya ta bushe, rana ba ta fara cizo sai wajen azahar. Daga Maris zuwa Mayu ka ajiye maganar gaba ɗaya. Zafin garin nan yana haura digiri 40 a waɗannan watanni, kwalta kuma tana huro maka wani zafin daga ƙasa. Da damina daji ya fi kyau a ido, gero ya tashi kore shar har ya ɓoye ƙauyuka, sai dai hadarin la'asar ba ya sallama. Tafiyar damina gajera ce, a komo kafin azahar.

A cikin mako, Asabar ta fi. Juma'a tana raba maka yini gida biyu. Lahadi kuwa ranar kasuwar Illela ce, hanyar arewa takan cika da motocin dabbobi da na kaya tun da sassafe.

Hattara: idan ka tashi ka ga hazo ya sauka har ba ka hango ƙarshen layinku, ka fasa. Direban tirela ba zai gan ka ba sai ya zo dab da kai, ƙurar kuma za ta zauna maka a ƙirji. Haka nan ba a yin wannan tafiya da azumi a baki.

2. Zaɓi hanya, amma fara da tambayar iska

Hanyoyi biyu nake nuna wa mai farawa.

Ta farko ita ce ta arewa. Ka fita ta wajen Ƙofar Kware, ka ƙetare gulbin Rima, ka miƙe hanyar Illela. Kware tana wajen kilomita 20 daga gari, Gwadabawa kuma ba ta cika 40 ba, ka ga zuwa da dawowa kimanin 70 zuwa 75 ke nan. A wannan lokaci na shekara fadamun Rima suna cike da masu noman rani, albasa da tafarnuwa da shinkafa, ga ƙarar injin ban ruwa ko'ina.

Ta biyu ita ce hanyar Jega, kudu maso yamma. Ka wuce filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ka isa Boɗinga a wajen kilomita 25. Dab da ita Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. In ka ci gaba za ka kai Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, kuma a can aka yi masa makwanci. Shagari ta haura kilomita 50, don haka zuwa da dawowa ya wuce 100.

To ga abin da mutane ba sa lura da shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma da sassafe a kwance take, sai hantsi ya ɗaga take tashi da ƙarfi. Mai zuwa Gwadabawa yana fuskantar ta ne lokacin da ba ta yi ƙarfi ba, jikinsa kuma bai gaji ba, sannan ta tura shi daga baya har gida. Mai zuwa Shagari kuwa akasin haka ne: tana tura shi a zuwa, ta tare shi gaba da gaba a dawowa.

Ni ma sai da na ɗanɗana na gane. Tafiyata ta farko zuwa Shagari a watan Janairu na yi ta. Na isa da wuri fiye da yadda na zata, ban ji gajiya ba, na zauna na miƙe ƙafa har bayan azahar. Da na juyo sai na ji kamar an ɗaure mini keken da igiya ta baya. Ina takawa da duk ƙarfina, amma tafiyar ba ta fi ta mai sassarfa ba. Ruwana ya ƙare, cinyoyina suka fara ɗaurewa, aka kira magariba ina Boɗinga. A bayan a-kori-kura aka kawo ni gari da ni da keken. Ƙarfina bai gaza ba a ranar, lissafina ne bai cika ba. Saboda haka shawarata ita ce ka fara da Gwadabawa. In kuma hanyar kudu ka fi so, ka tsaya a Boɗinga da Sifawa a karon farko, ka bar Shagari sai ka san kanka.

Hattara, kuma wannan ya fi duk sauran muhimmanci: tsaro. Gabashin jihar, wato Isa da Sabon Birni da Raba da Goronyo, haka nan Tangaza da Gudu, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Na san da yawa suna sha'awar zuwa Wurno ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nisan kuma daidai tafiyar yini ne, amma ba hanyar da za ka kama don ka ga dama ba ce. Ko hanyoyi biyun da na ambata ba a yi musu rantsuwa. Ana gobe tafiya ka je tasha da yamma, ka tambayi direbobin da suka shigo daga can a ranar. Su ne suka san halin da hanya ke ciki, ba wanda ya bi ta wata uku da suka wuce ba. In ka ji suna jan magana, ka ɗaga tafiyar. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka sauka daga kwalta ka shiga daji, kada kuma ka sanar a Facebook cewa gobe ƙarfe kaza za ka bi hanya kaza. Hoto ya jira sai ka komo.

3. Saba wa jikinka

Mako uku ko huɗu sun isa. A makon farko ka yi kilomita 15 sau biyu ko uku, zuwa mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo na Dundaye ka komo. A na biyu ka kai 25. A na uku ka je Kware ka dawo, 40 ke nan. In ka yi wannan ka tashi washegari kana tafiya daidai, Gwadabawa ba za ta gagare ka ba.

Abin da ke fara gajiya a doguwar tafiya ba ƙafa ba ce, mazaunai ne da wuya da tafin hannu. Su kuwa ba su da magani sai yawan zama a kan sirdi. Kwana biyu kafin tafiya ka huta.

4. Kai keke wurin mai gyara, kwana uku kafin tafiya

Kowane keke yana da ribarsa. Phoenix da Hero suna da nauyi, giyarsu ɗaya ce, amma suna da juriya, kuma duk ƙauyen da ka tsaya akwai wanda ya san cikinsu kuma yana da kayansu. Keken gwanjo mai giya ya fi sauƙin turawa, musamman in ana fuskantar iska, sai dai in wani abu ya karye a hanya da wuya ka samu madadinsa. Keken tsere mai siraran tayoyi shi ne ban ba ka shawara ba. Ramukan titi da ƙayar tsidau ba sa raga masa.

Ka tsaya a kan mai gyaran, kada ka ajiye ka tafi. Ya fara da taya: in ta suɗe, ko gefenta ya tsattsage, a canja ta. Nan ne mafi yawan kuɗinka zai tafi, kuma nan ne bai kamata ka yi ƙwauro ba, domin tsohuwar taya ita ce uwar faci. Ya duba robar birki gaba da baya. Ya girgiza wili ya ji ko boris ya ci, in ya ci a sa sabo a cika giris. Ya bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya, wadda ta saki a ɗaure. Ya duba sarƙa, ya ɗaure notin feda da na sirdi da na kariyar ɗora kaya.

Ka duba irin bawul ɗin tif ɗinka. Mai kauri irin na mota da babur, kowane mai faci a bakin titi zai iya ba ka iska. Siriri irin na wasu kekunan gwanjo, injinsu ba ya kama shi, dole ka dogara da famfonka. Na Phoenix kuwa 'yar roba ce a ciki, takan tsage ba zato, ka sayi guda biyu ka jefa a aljihu. Girman tif ma ya bambanta, na Phoenix inci 28 ne, na yawancin masu giya 26. Lambar tana rubuce a gefen taya.

Sai tsawon sirdi. Kuskuren da na fi gani ke nan: mutum ya sauke sirdi ƙasa don ƙafarsa ta riƙa taɓa ƙasa yana zaune. A cikin gari ba laifi, amma bayan kilomita 30 gwiwa za ta fara kuka. Ga ma'auni: hau, ɗora diddigenka a kan feda, ka kai ta can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ka karkata kwankwaso ba, daidai ne.

Hattara: dalilin cewa kwana uku shi ne ka samu damar gwada keken kilomita 10 bayan gyara. Abin da aka manta ba a ɗaure ba, gara ya nuna kansa a Gawon Nama cikin gari da ya nuna a bayan Kware. Kada ka sa sabon sirdi ranar tafiya. Kada kuma a tuttula wa sarƙa baƙin mai. Ɗigo kaɗan, a goge saura da tsumma, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta manne ta zama kamar yashi tana cin sarƙar.

5. Haɗa kayan aiki da kuɗi

Kayan gyara: famfo, sabon tif guda ɗaya ko biyu, robar faci, sholisho, guntun sanfefa, ƙarafan cire taya guda biyu, sifanar da ta dace da notin wilinka, filaya, sukudireba, da igiyar roba ta tsohon tif. Ka gwada famfon a gida. Ka buɗe sholishon ma ka duba, domin wanda ya daɗe a ajiye yakan bushe a cikin kwalinsa, ba za ka sani ba sai ranar bukata.

Na jiki: hular kwano, tabarau, rawani ko takunkumin hanci saboda ƙura, riga mai dogon hannu mai haske wadda ake hangowa daga nesa, rigar sanyi marar nauyi don safiya, man shafawa na leɓe da na tsakanin cinyoyi. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. In wandonka mai faɗin ƙafa ne ka ɗaure na dama da roba kada sarƙa ta kama shi. Fitila gaba da baya ko da ba ka yi niyyar kai dare ba. Waya cike da caji da katin kira, da katin shaidarka na ɗan ƙasa.

Duk wannan a kan kariya za ka ɗaure, ba a baya ba. Jakar goyo tana tara gumi, nauyinta kuma a kan mazaunanka yake sauka.

Kuɗi kashi uku ne: na ci da sha, na gyara, da na motar dawowa har da kuɗin ɗora keke. Kashi na uku ba a taɓa shi ko da me za ka gani a kasuwa. Ni dai ba na fita da ƙasa da naira dubu goma, kuma a ƙananan takardu, 100 da 200 da 500, na raba su aljihu biyu. Kada ka dogara da tura kuɗi ta waya. Mai fura a ƙauye kuɗi a hannu take karɓa, sabis kuma yakan ɗauke a inda ba ka zata ba.

6. Ruwa da abinci

Lissafin mai sauƙi ne. Ledar ruwa guda rabin lita ce, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da za ka sha a kowace awa. In rana ta ɗaga, ɗaya da rabi. Tafiyar awa shida tana cin lita 3 zuwa 4. Ba sai ka ɗauke su duka daga gida ba: ka fita da lita 2, duk garin da ka shiga ka cika abin da ya ragu, ko da kana ganin saura da yawa. Hunturu yana da yaudara, iska tana busar da gumi tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zubar da komai ba. Ka riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20, kada ka jira ƙishi.

Gora ɗaya ka ware ta ga ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin na gishiri. Ko ka sayi na leda a kemis. Shi ke hana ɗaurewar jijiya a dawowa. Dabara ɗaya da na koya wurin direbobi: ka sa gorar a cikin tsohuwar safa ka jiƙa ta, iska za ta riƙe maka ruwan da sanyi.

Kafin fita ka karya da abin da cikinka ya saba, kunu da ƙosai ko shayi da burodi. A aljihu ka zuba dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, in akwai ayaba ka ƙara. Kowace awa ka jefa wani abu a baki ko ba ka jin yunwa. Yunwar keke ba ta yin gargaɗi, farat ɗaya za ka ji ƙafafu sun mutu, ido yana ganin duhu-duhu.

A wurin juyawa babu abin da ya kai fura da nono. Tana riƙe ciki, ba ta nauyi. Ka ba mai furar ruwan ledarka ta dama da shi. Tuwo ko shinkafa da wake cike da kwano ka bar su sai gida, in ba haka ba barci za ka ji a kan sirdi.

Hattara: kada wani ya ba ka ƙwaya wai don kashe gajiya. Tana rufe maka alamomin da jikinka ke ba ka ne kawai, har ka wuce iyaka ba ka sani ba.

7. Fita

Daren jajibiri ka ɗaure kaya, ka ba tayoyi iska, ka kwanta da wuri. Ka gaya wa wani a gida hanyar da za ku bi, inda za ku juyo, da lokacin da za a fara nemanku in ba a ji ku ba. Ka ajiye lambar 112 ta gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra a wayarka.

A Disamba da Janairu rana tana fitowa a Sakkwato wajen ƙarfe 7, ta faɗi tsakanin 6 da kwata da 6 da rabi. Ka yi sallar asuba, ka karya, ka hau da ƙarfe 6 da rabi lokacin da gari ya fara wayewa, fitila a kunne. Duk rabin awar da ka ɓata da safe, da zafin rana za ka biya ta.

Awar farko ka tafi a hankali fiye da yadda kake so. Ma'aunin shi ne ka iya hira da abokin tafiyarka ba tare da haki ba. A keke irin namu kilomita 15 a awa tafiya ce mai kyau.

8. A kan hanya

Ku bi hannun dama, ɗaya a bayan ɗaya, ba kafaɗa da kafaɗa ba. Kunne a buɗe, ba abin sauraron waƙa. In ka ji ƙarar babbar mota a baya, wata kuma tana tahowa ta gaba, kada ka tsaya jayayyar hanya, rage gudu ka sauka gefe. Tirelolin siminti da na albasa da tankokin mai ba sa iya kauce maka, iskar da suke ja kuma takan fizgi keke zuwa tsakiyar titi. Ka riƙe kan keken da hannu biyu har ta wuce.

Sauka gefen ma da dabara. Bakin kwalta a wurare da yawa ya zaizaye ya yi gaɓa, ƙarƙashinsa yashi ne. Ka rage gudu tun kana kan kwalta, kada ka danne birkin gaba a cikin yashi. Da za ka hau, ka tsaya ka ɗaga keken ka ɗora shi, kada ka yi ƙoƙarin hawa gaɓar a karkace. Nan ne aka fi faɗuwa.

Dabbobi kowa da halinsa. Akuya takan yanko titi ba shiri, jaki yakan tsaya cak, raƙumi yakan firgita da ƙararrawa. Garken shanu kuwa ka tsaya kawai, ka yi wa makiyayin sallama, ka bari su gama ƙetarewa.

A shingen jami'an tsaro ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke rawani daga fuska, ka gaishe su, ka faɗi inda za ka. Hanyar Illela hanyar iyaka ce, akwai kwastan da jami'an shige da fice. Kada ka ɗaga waya da sunan hoto a kusa da su.

Ku tsaya kowace awa, minti biyar zuwa goma, a cikin gari ko ƙauye inda mutane suke. In kun ga dattawa a gindin bishiya ku sauka ku yi sallama. Wani tsoho a bayan Kware ya taɓa duban mu ya ce, "Ɗiyana, mi ya hana ku shiga mota?" Na ce, "Baba, ƙasar muke son gani." Ya yi dariya, ya sa aka kawo mana tabarma, kafin mu tashi kuma ya gaya mana inda titi ya lalace a gaba. Gaisuwar nan tana da amfani biyu: ladabi ce, kuma yanzu akwai waɗanda suka san kun wuce da lokacin da kuka wuce.

Wasu sukan tambaye ni game da ƙasaru. A mazhabar Malikiyya nisansa mil 48 ne, wajen kilomita 80, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa. Gwadabawa da Shagari duk ba su kai ba, sallarka cikakkiya za ka yi.

9. In taya ta yi faci

Za ta yi, ko yau ko wata rana. Ka tura keken zuwa inuwa, nesa da titi, ka duba ƙasa kada ka ajiye shi a kan wata ƙayar. Ka kifa shi, ka kwance wilin, ka zare gefe ɗaya na taya da ƙarafan cirewa, ka fito da tif.

Kafin ka sa sabo, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka samo abin da ya huda ta. Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, sai su sa sabon tif a kan tsohuwar ƙaya, bayan kilomita ɗaya su sake zama. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa sukan karye a cikin roba, sai da filaya suke fita. Ka ba sabon tif iska kaɗan ya ɗauki siffa, ka fara shigar da bawul, ka mayar da tayar da hannu. In ka tura da sukudireba za ka tsunkule tif ɗin.

Wanda ya huje kada ka yar. A zango na gaba ka ba shi iska, ka nemo hujin da kunne ko da ɗan ruwa, ka goge wurin da sanfefa, ka shafa sholisho siriri, ka jira ya bushe har ya daina kama yatsa, sannan ka manna robar ka danne sosai. Manna faci a kan ɗanyen sholisho shi ke sa ya ɓalle. In akwai mai faci a garin, ba shi ya yi maka, kuɗin kaɗan ne.

10. Lokacin juyawa

Tun a gida za ka yanke shi, kuma da agogo, ba da sunan gari ba. Ka ƙirga daga baya: kana so ka kasance a gida ƙarfe 5, awa guda da wani abu kafin faɗuwar rana, don faci ko gajiya su samu wurin shiga. Ka ɗauka dawowa za ta ci lokacin zuwa da ƙarin rabinsa in iska za ka fuskanta.

Ga Gwadabawa, wanda ya fita 6 da rabi zai isa wajen 9 da rabi. Ya huta minti 45, ya juyo, azahar ta same shi a gari ko kusa da shi. Degel, inda Shehu ya zauna kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, a ƙasar Gwadabawa take, kuma za ka ji sha'awar ƙarasawa. Ka bar ta sai ranar da ka shirya mata ita kaɗai, da wanda ya san hanya. Ga Shagari, za ka isa wajen 10 da rabi, kuma ƙarfe 11 ya same ka a kan sirdi ka fuskanto gida. In 11 ta buga ba ka isa ba, ka juya a inda kake, ko da kana hango rufin garin.

A dawowa ka sassauta giya in kana da ita, ka riƙa juya feda da sauƙi maimakon dannawa da ƙarfi. In iska ta tare ku, ku riƙa karɓa-karɓa: ɗaya a gaba yana tare ta, sauran a bayansa, bayan minti goma a canja. Tafiyar mai rauni a cikinku ita ce tafiyar kowa. Ka yi azahar a masallacin garin da ta same ka, ka jiƙa kai da wuya, ka ɗan kishingiɗa minti 20 in rana ta yi tsanani.

Hattara: ciwon kai mai sara, jiri, tashin zuciya, fitsari ya ragu kuma ya yi ja, ko tsigar jiki tana tashi alhali ana rana, duk alamun zafi ya fara cin ka ne. Sauka nan take, inuwa, ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, a jiƙa tufafi. In abokinka ya fara magana ba kan gado ko ya rikice, wannan ba na hutawa ba ne, a zuba masa ruwa a jiki a tare mota zuwa asibiti mafi kusa. In kuma la'asar ta yi kana da sauran fiye da kilomita 25, ka shiga tasha, ka ciro kuɗin nan na kashi na uku, a cire wilin gaba a ɗora keken. Ba a tuƙa keke a waɗannan hanyoyi da dare.

11. Bayan ka iso

Ka kira wanda ka bar wa saƙo tun kafin ka cire takalmi. Ka sha ruwa, ka ci abinci mai gishiri a cikin awar farko, ka yi wanka, ka miƙe ƙafafu a jikin bango. Washegari ka goge sarƙa, ka bi tayoyi ka zare ƙayoyin da suka maƙale ba su kai ga tif ba, ka sayi madadin duk abin da ka yi amfani da shi. Sannan ka rubuta a takarda ƙarfe nawa ka fita, ƙarfe nawa ka juyo, ƙarfe nawa ka iso, leda nawa ka sha, da kilomitar da ka fara jin gajiya. Da wannan takardar za ka yanke ko Asabar mai zuwa Gwadabawa za ka maimaita, ko lokacin Shagari ya yi.